Fitilar Kwana Talatin da Biyar

Tsibirin Serawa, 4 ga Disamba

Dik Murtinah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata jiki yana ƙarfi, ke da baƙonmu. A gaida Baba. A gaida Warsih, a ce mata yanzu ta zama yaya, sai a rage kukan banza. Ni ina nan lafiya, in ban da ɗan tarin da toka ta sa mini.

Jiya da safe, bayan an gama karanta rahoton duwatsu masu aman wuta a oba-oba, sai na ji muryar Pak Darmaji na ofishin gindin dutsenmu na gida yana cewa, "Serawa, kada ka kashe, da saura. Namiji ne, jiya da hantsi, uwa da ɗa lafiya." Na zauna riƙe da abin magana har Marsel abokin aikina ya ƙwace ya yi godiya a madadina. Da yamma matarsa ta yanka kaza, muka ci da dafaffiyar masara.

Ki yafe mini, Dik. Na yi alkawarin ina gida za ki sauka, sai yaron ya yi gaggawa da mako uku, dutsen nan kuma ya yi tasa gaggawar. Ya fashe ta gefe tun ƙarshen watan jiya, an soke hutuna. Mu biyu ne a ofishin, ɗaya na gadin allurar da ke zana motsin ƙasa, ɗaya na can sama yana bin wutar. Mun kafa turaku masu jan fenti a gaban narkakken dutsen, taki hamsin tsakanin kowanne, muna rubuta lokacin da ya cinye kowane turke. Kada ki sa damuwa a ranki. Abin tafiyar hawainiya yake yi. Mutum da ƙafa, ko sanda yake dogarawa, ya fi wutar dutse sauri. Shekaranjiya wata tsohuwa ta kwashe kajinta, ta koma ta ɗauko turmi, ta sake komawa ta sa aka ciro mata ƙofa, duk bai iso ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Binne mabiyiya aikin uba ne, ni kuwa ga ni bayan teku ina ƙirga turaku. Na san Baba ya tsaya mini. Ki roƙar mini shi abu ɗaya, kada fitilar da ake kunnawa a kanta ta kwana a mace ko dare ɗaya har kwana talatin da biyar su cika. Ban ɗauki yaron nan ba, ban yi masa kiran salla a kunne ba, ban binne masa ƙaninsa, wato mabiyiyar, ba. In na san fitilar tana ci, zan ji kamar da ni a bakin ƙofar.

In Baba ya yarda, a sa masa Teguh. Jirgin ruwa zai tashi da azahar, dole in tsaya nan.

Mijinki,
Wagiyo

Kalisruni, 13 ga Disamba

Mas Wagiyo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso jiya. Muna lafiya, jiki ya fara dawowa, nono ya zo sosai. Teguh ya karɓi sunansa, ci yake kamar wanda aka aiko. Warsih ta faɗi haƙori, ta jefa kan rufi da kanta, tana ta yi wa mutane murmushi da giɓi.

Na ƙirga layukan wasiƙarka, tunda ka koya wa gidan nan ƙirga. Dutse ya sami goma sha huɗu, ni na sami uku. Ban yi fushi ba, na san da wa na yi aure.

Baba ya riga ka, tun ranar haihuwa ya yi komai. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya wanke mabiyiyar da hannunsa, ya naɗe a farin ƙyalle, ya sa a sabuwar tukunya da gishiri da allura da guntun fensirinka, wai don yaron ya yi karatu irin na ubansa. Ya binne a hannun dama na ƙofa, ya kife kwandon gora, ya rataya fitilar ƙwai a ciki. Warsih ta tsuguna tana leƙe, ta ce, "Kaka, shi wannan ƙanin ba ya shan nono?" Baba ya ce, "Shi haske yake sha."

Sau uku ya sa na karanta masa wasiƙarka. Da na zo wurin fitila sai ya ce in tsaya, ya juya fuska yana gyaran taba. Ka san tun da ka tafi makaranta ba ka taɓa roƙonsa komai ba, kullum kai ke gaya masa yadda abu yake. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a cikin hularsa. Yanzu kafin magariba ya goge ƙwan fitila ya zuba kananzir, ba ya bari kowa ya taɓa. Ran nan na miƙa hannu zan rage lagwani, ya ce, "Ke aka rubuto wa ko ni?"

Dutsenmu kuma ba ya zaune lafiya. Tozon da ke kansa ya ƙaru, har daga wurin shanya ana gani, da almuru jajayen duwatsu suna gangarowa ta wajen kwarin Gesik. Toka ta ɓata mana barkono, ciyawar saniya sai an wanke. Tsofaffi na cewa mai gidan sama, wato aljanin dutsen, yana da sha'ani ne, a bar shi ya gama. Jiya a masallaci wani ya yi maganar mu bar ƙauye mu sauka ƙasa, Baba ya taɓa hula ya ce, "Ɗana masanin dutse ya rubuto, mai sanda ma ya fi wutar sauri. Ni kuwa ko sandar ban fara riƙewa ba."

Mas, wannan maganar har da namu dutsen, ko naku kaɗai? Ban so in yi masa gardama a gaban mutane ba, ni ma kuma ban sani ba. Ka ba ni amsa a jirgin nan.

Matarka,
Murtinah

Tsibirin Serawa, 23 ga Disamba

Dik,

Ina fata kuna lafiya inda aka kai ku. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Jirgi ya zo ranar goma sha tara ya tafi ina can sama. Wutar ta rabu biyu, ɗaya reshen ya nufi rijiyar ƙauye, na kwana uku ina sake kafa turaku. Da na sauko na tarar da wasiƙarki a kan tebur. Na karanta tambayarki a tsaye.

A'a, Dik. A'a. Na wannan dutsen nake nufi. Na nan ruwa-ruwa ne, yana kwarara kamar kunu. Namu kauri gare shi, ba ya kwarara, taruwa yake a baki ya yi tozo. Ranar da tozon ya karye, abin da ke saukowa shi ne gajimaren da tsofaffi ke kira tumakin dutse. Ya fi mota gudu, zafinsa yana narka gilashi, kuma kwari yake bi. Ni na san wannan tun ina shekarar farko a aiki. Na rubuta abin da na rubuta don in kwantar miki da hankali, ban tuna wa zai saurara ba.

Jiya na nemi Pak Darmaji a oba-oba. Shi ya gaya mini an kwashe ku zuwa makarantar Wonoreja shekaranjiya, kuma Baba ya fara hawa gida da yamma don kunna fitila. Na roƙe shi ya je da kansa ya hana shi. Amma na san halin Baba, don haka ki karanta masa wannan, ki nuna masa hannuna:

Baba, ɗanka Wagiyo ne. Na janye roƙona. Ka cika mini alkawari har ka wuce. Kada ka sake hawa. In dole sai an kunna fitila, a kunna a nan makaranta kusa da yaron, Allah yana gani. Maganar mai sanda kuskurena ce, ba ta shafi dutsenmu ba. Na haɗa ka da Allah, Baba, ka zauna.

Jirgi sai biyu ga wata, ya yi nisa. Gobe zan sauka bakin ruwa in nemi masunta su haye da ita babban tsibiri.

26 ga wata. Iskar yamma ta taso, babu kwalekwalen da ya fita. Na bi gida bakwai. Tsohon da ya fi kowa ƙarfin hali ya ce, "Malam, takarda ba ta iya iyo ba, ni ma a wannan ruwan ban iya ba."

30 ga wata. Har yanzu tana aljihuna. Kullum da safe ina jin adadin girgizar dutsenmu a rahoto, jiya ɗari biyu da goma, yau ɗari uku da arba'in. Ni nake rubutawa a littafi da hannuna. Shekara goma sha ɗaya ina aikin gargaɗin mutane, ga shi na kasa isar da layi biyar gidanmu.

Wagiyo

Makarantar Wonoreja, 28 ga Disamba

Mas,

Ina gaisuwa. Muna raye. Ban ga amsarka ba, ban san ko tawa ta same ka ba.

Gida tara ne a aji ɗaya, an jingine bencina a bango. Ana dafa shinkafa a babbar tukunya a filin wasa, da ganyen rogo, wani lokaci da ƙwai. Warsih ta fi kowa jin daɗi, ta mallaki allo, ta zana saniyarmu da ƙafa shida. Ni wankan jego ma a bayan ɗakin malamai nake yi, maƙwabciyarmu Yu Sarmi tana kare ni da zane.

Daren farko ba a kunna fitila ba, don da la'asar motocin soja suka kwashe mu. Teguh ya kwana yana tsala kuka, jikinsa ya yi zafi. Ma'aikaciyar jinya ta ce toka ce da canjin wuri. Matan aji suka ce ƙaninsa ne aka bari a duhu. Washegari da la'asar muka nemi Baba muka rasa, sai bayan isha ya shigo da toka har gira. A daren yaron ya yi barci, zazzaɓin ya sauka. To, wa zai ƙara yi wa Baba magana?

Da safe sojoji suna barin mutane su hau su yanko ciyawa su ba shanu, zuwa ƙarfe goma a rufe hanya. Na ce ya kunna da safen ya sauko tare da jama'a. Ya ce wadda aka kunna da hantsi kafin tsakar dare ta shanye manta, kuma fitila da rana raini ne. Tunda hanya a tsare take da yamma, ta kwarin Gesik yake bi, inda ba mai gadi.

Pak Darmaji ya zo a kan babur ya same shi a gindin mangwaro. Ina jinsu.

Ya ce, "Mbah, ɗanka ne ya aiko ni. Ya ce ka daina hawa."

Baba ya ce, "Ya aiko ka da me?"

"Da baki, ta oba-oba."

Baba ya cire hula ya zaro takardar. "Wannan hannunsa ne. Ban iya karatu ba, amma na san yadda yake kwantar da baƙaƙensa. Baki ba ya goge rubutu, Pak. Ku ma'aikata in kuna so mu sauka, ko mahaifiyar mutum ce za ku ce ta aiko. Ran da ya rubuto, na daina."

Pak Darmaji ya ce zai sa a ɗaure shi. Baba ya yi dariya ya ce a tanadi igiya mai kyau, ya miƙa masa taba.

Liman ma ya yi masa magana, ya ce al'ada ce, ba farilla ba. Baba ya ce ya sani, amma alkawari fa?

Mas, tsoro nake ji. Kullum in ya fita sai in zauna a bakin aji ina kallon sama har ya dawo, nono na zuba ban sani ba. Yau kwana ashirin da bakwai, saura takwas. Ka rubuto, ko layi ɗaya ne. Ban taɓa jin haushin tekun nan kamar yanzu ba, kai ma wani lokaci ina jin haushinka.

Murtinah

Tsibirin Serawa, 4 ga Janairu

Dik,

Jirgi bai zo ba.

Yau da safe wata murya ce ta karanta rahoton dutsenmu, ba ta Pak Darmaji ba. Tozon ya karye jiya da ƙarfe shida saura kwata na yamma. Tumaki sun bi kwarin Gesik kilomita shida. Kalisruni ta ƙone. Ana neman mutum ɗaya.

Na ce a ba ni suna. Aka ce ba a tabbatar ba. Na ce a kira mini Pak Darmaji, aka ce ya fita. Na rubuta rahoton a littafi kamar kullum, har da "mutum ɗaya", sai Marsel ya zare alƙalamin daga hannuna.

Ƙarfe shida saura kwata, Dik. Na san abin da ake yi a ƙofar gidanmu a wannan lokacin, ni na sa a yi.

Ki ce mini Baba ya makara ranar. Ki ce ƙafarsa ta yi ciwo, ko sojoji sun kama shi. Wasiƙar da na rubuta masa tana nan a aljihuna, ta yi laushi da gumi. Zan haɗa su in aiko tare, ban san wa za ki karanta wa ba.

Wagiyo

Makarantar Wonoreja, 16 ga Janairu

Mas,

Assalamu alaikum. Ni da yara muna lafiya. Na san Pak Darmaji ya riga ya gaya maka. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri.

Wasiƙunka biyu sun iso tare shekaranjiya. Na karanta ni kaɗai a bayan aji. Da na zo wurin da ka ce "Baba, ɗanka Wagiyo ne," sai na ji ina karantawa da ƙarfi yadda na saba yi masa.

Sai bayan kwana biyar ƙasa ta huce aka iya shiga. A cikin kwarin suka same shi, ya juyo yana saukowa. Kwalbar kananzir tana hannunsa, babu komai a ciki. Ka ga ya kunna ke nan. An binne shi a nan Wonoreja, don maƙabartarmu tana ƙarƙashin toka. Yu Sarmi ta hau da masu neman shanu, ta ce ko inda ƙofarmu take ba a ganewa. Saniya ma ta tafi.

Ka ce kai ka sa. Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba, don kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai, ko da yake ban san ko sauƙi zai yi maka ba.

Ranar da Teguh ya cika kwana talatin da biyu na yagi takarda a littafin Warsih, na zauna na kwaikwayi hannunka. Shekara takwas ina karanta shi, na iya kwantar da baƙaƙe yadda kake yi. Na rubuta, "Baba, ka daina hawa." Kusan kalmomin da ka rubuta, har na yi mamaki da na ga taka. Idon Baba ya yi rauni, da ba zai gane ba. Na sa a tsohon ambulan ɗinka na soke a zane, da niyyar washegari in ce ɗan aike ya kawo.

Washegari Teguh ya tashi da ɗan ɗumi a goshi. Ba zazzaɓi ba ne, ɗumi ne kawai. Na taɓa shi na sake taɓawa. Na tuna daren farko. Na ce a raina, saura kwana uku, dutsen da ya yi haƙuri har yau zai ƙara uku. Da la'asar Baba ya zo neman kwalba, takardar tana jikina ina jin kaifinta a ciki. Ni na cika masa kwalbar, Mas. Har na ce ya ɗaga lagwani kaɗan, iska ta yi yawa kwanan nan.

Ya ce, "Kin fara koya mini aikina?" Ya ja kumatun Warsih, ya ce ta ajiye masa ƙanzon shinkafa. Ta ajiye a cikin ganye. Kwana biyu tana hana kowa taɓawa.

Ranar talatin da biyar aka yi wa Teguh aski a cikin aji. Liman ne ya riƙe almakashi, ba uba, ba kaka. Matan suka dafa abin da ya samu. Ba wanda ya yi maganar fitila.

Tun daga ranar da dutse ya sauko ba a sake kunna komai a kan ƙaninsa ba, toka ce a kai ta fi tsayin mutum. Na zauna ina jiran kukan, ina jiran zazzaɓin. Wallahi har so nake ya zo, don in ce Baba bai hau a banza ba. Bai zo ba. Ɗumin ma ya tafi tun a daren. Yaron nan yana ci yana barci, ya yi kumatu, shekaranjiya ya fara murmushi. Lafiyarsa ƙalau, Mas, kuma abin da na kasa ɗauka ke nan. Ina ba shi nono ina kau da kai.

An ce sun ba ka hutu. In ka sauka a mota kada ka nufi hanyar gida, babu gida. Ka tambayi aji na uku, muna kusa da taga. Takardar da na rubuta tana nan, na haɗa ta da taka a ambulan ɗaya. Ka zo ka ga ɗanka, wataƙila kai ka iya kallonsa.

Matarka,
Murtinah